Vischer: Asalin Sunan Gidan Su Ɗan Hausa



Da wuya a sami ɗan boko a ƙasar nan wanda bai ji labarin Ɗan Hausa ba, wato Baturen da ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909. Sunansa na yanka Hanns, sunan gidansu Vischer, an haife shi a birnin Basel na ƙasar Suwizalan a 1876. Sunan gidan nasu shi ne abin nazarinmu yau.

Kalmar Bajamushiya ce. Jamusawa suna furta harafin V kamar F, saboda haka Vischer tsohon rubutu ne na Fischer, ma'anarsa masunci. A da, mutanen ƙasashen nan suna ɗaya kowa yake da shi. Daga wajejen ƙarni na 12, da birane suka cika, masu suna iri ɗaya suka yi yawa, sai aka shiga bambanta su da sana'a ko gari ko siffa. Ta haka aka sami Schmidt, maƙeri, da Schneider, maɗinki, da Müller, mai niƙa. Da ma'aikatan hukuma suka sa laƙabin a littattafan haraji da na gado, sai ya zauna, ɗa ya gaje shi ko bai taɓa riƙe koma ba. Ga misali, Peter Vischer na birnin Nuremberg, wanda ya rasu a 1529, da ƙirar tagulla ya shahara.

To, mu ma muna da irin wannan: Audu Maƙeri, Garba Wanzam, Tanko Majemi. Amma a al'adarmu laƙabi yakan bi mai shi kabari, ɗa kuwa a kira shi da sunan ubansa. Rajistar makarantun boko ita ce ta kawo sauyi, domin malami yakan raba Abubakar da Abubakar da sunan garinsu. Daga nan muka sami Tafawa Ɓalewa da Shagari da Zungur, sunayen garuruwa da suka zama na mutane.

Saboda haka ina jan hankalinku, musamman ma'aikata masu cika takardun jama'a, daga nan Samaru har Cikaji da Sabon Gari. Abin da alƙalaminku ya rubuta yau, shi jikokin mutum za su amsa gobe. Ku tambayi mai suna asalin sunansa, ku rubuta shi daidai, da ƙugiyarsa.