Shirin Gyaran Aiki a Kasuwar Shanu ta Mubi

Garin Mubi yana arewacin Jihar Adamawa, kusa da iyakar Kamaru. Kasuwar shanunsa, wadda ake kira tike, tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Nijeriya. Fatake suna kawo shanu daga Kamaru da Cadi, a yi ciniki, sannan a ɗora su a manyan motoci zuwa Legas da sauran biranen kudu.

Cinikin shanu yana da matakai. Dillali yakan haɗa mai saye da mai sayarwa, a daidaita farashi, a biya kuɗi da la'ada, a yanki rasit, sannan a yi lodi. Idan mataki ɗaya ya tsaya, sauran ma sun tsaya. Dabbobi su kwana a tike suna cin harawa, direba kuma yana jira, riba tana zurarewa.

An ga irin haka a farkon shekarar 2023. Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, sai tsabar kuɗi ta yi ƙaranci. Cinikin shanu kuwa ya dogara ne da kuɗi a hannu, domin makiyaya da yawa ba su da asusun banki. Wanda bai tanadi wata hanyar biya ba ya sha wuya.

Ɗan kasuwan da ke son gyara aikinsa sai ya yi shiri tun kafin matsala ta zo. Da farko, ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta lokacin da kowanne yake ci, don ya gano inda jinkiri yake. Gani ya kori ji. Na biyu, ya ƙayyade abin da yake so ya cimma, misali a gama biya da lodi kafin magariba. Na uku, ya shawarci dillali da direba da masu lodi, ya raba musu aiki, ya kuma lissafa abin da gyaran zai ci. Na huɗu, ya gwada sabuwar hanyar a kan shanu kaɗan, kamar tura kuɗi ta waya, amma kada a saki dabba sai mai ita ya tabbatar kuɗin sun shiga asusunsa. Daga ƙarshe, ya kwatanta sakamakon da na da. In an samu sauƙi, a faɗaɗa. In ba a samu ba, a sake shiri.

Da irin wannan gyara na kaɗan-kaɗan kamfanin Toyota na Japan ya shahara. Hausawa ma sun ce, tun ran gini tun ran zane.

Tambayoyi
1. Kawo matakai uku na cinikin shanu a tike.
2. Me ya sa ake fara gwaji da shanu kaɗan?
3. Zaɓi wata sana'a ta garinku, ka bayyana matakin da ke bukatar gyara.