Tauraro Gagarabadau a Ƙagaggun Labarai: Misali daga Iliya Ɗan Maiƙarfi

Matsalar tauraron da ba ya kayuwa ita ce, tun kafin a ja daga mai karatu ya san wanda zai yi rinjaye, don haka ɗokinsa yakan mutu. A ganinmu, Ahmadu Ingawa ya fi Bello Kagara shawo kan wannan matsala. A cikin Ganɗoki (1934) tauraron ne ke ba da labarin kansa, saboda haka an san ya tsira daga kowane gumurzu. Abin da ke riƙe mai karatu shi ne zaƙin kirari. Shi kuwa Iliya Ɗan Maiƙarfi (1951), wanda tushensa labarin jarumin Rasha Ilya Muromets ne, an fara nuna shi yana gurgu, ƙarfin kuma ba shi aka yi. An kuma haɗa shi da Wargaji, wanda ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Mafi muhimmanci, an jarraba shi ta inda damtse ba ya aiki: Sarki Waldima, wanda yake yi wa yaƙi, shi ya sa aka tsare shi. Nan tambayar mai karatu takan sauya, ta koma ko Iliya zai sake kare Birnin Kib bayan wannan butulci.