Zaɓen Ƙoƙon Busa na Turambon

Turambon ƙaho ne na tagulla mai zarewa, irin wanda 'yan badujalar soja da na 'yan sanda kan busa. Sautinsa daga karkarwar leɓɓan mabushi yake tasowa, cikin wani ɗan ƙoƙo da ake sokawa a bakin ƙahon. Saboda haka zaɓen ƙoƙon nan muhimmin al'amari ne.

Da farko a dubi ƙahon. Wutsiyar ƙoƙo iri biyu ce, siririya da kakkaura, kowace da ƙahon da take zama daram a cikinsa. In ta yi sako-sako, sauti ya karkace.

Sa'an nan a dubi mabushin. Ƙoƙo mai zurfi kan ba da amo mai kauri, amma yana cin numfashi. Marar zurfi kuwa yana sauƙaƙa kai sauti sama. A lambobin kamfanin Vincent Bach, wanda aka kafa a Amurka cikin 1918, ƙaruwar lamba ƙanƙancewar ƙoƙo ce. Alal misali, 12C ƙarami ne, shi akan ba ɗan koyo. 5G kuwa ya fi dacewa da babban ƙaho.

Wanda ya kwaikwayi gwani ya ɗauki abin da ya fi ƙarfin leɓɓansa, gajiya za ta katse masa busa tun fareti bai yi nisa ba. Gwaji a kan ƙahonsa shi ne alƙali.