Gaskiya da Kuskure Game da Zurfin Taurin Farin Cikon Haƙori

Farin cikon da likitoci ke toshe kogon haƙori da shi haɗi ne na ƙaron roba da garin gilashi, kuma tushensa sinadarin Bis-GMA ne da Rafael Bowen ya samar a Amurka a farkon shekarun 1960. Ana sanya shi da laushinsa kamar kwaɓaɓɓen gari, sannan a haska shi da fitila mai shuɗin haske, wanda ke tayar da sinadarin kamfokwinon da ke cikinsa, shi kuma ya sa ƙwayoyin ƙaron su sarƙe da juna har cikon ya taurare. Abin da ake kira zurfin tauri shi ne iyakar kaurin da hasken ke iya ratsawa ya taurar yadda ya kamata.

Maganar da ta fi yaɗuwa ita ce, idan saman ciko ya yi tauri to ƙasansa ma ya yi, kuma wannan kuskure ne, domin haske na raguwa yayin da yake nutsawa, ta yadda saman zai iya ƙin karcewa alhali gindin yana nan da laushi. Irin wannan ciko kan jawo tsamin haƙori, ko ya tsage, ko ya bar kafar da ruɓa za ta sake shiga. Shi ya sa ma'aunin ISO 4049 ya tanadi a haska cikon a cikin ƙaramin bututun ƙarfe, a kankare ɓangaren da bai taurara ba, a auna abin da ya rage, sannan a raba tsawon biyu don a sami zurfin taurin.

Haka kuma ba daidai ba ne a ce daɗewa ana haskawa na taurar da kowane irin kauri, domin ƙarin lokaci ba ya ƙara zurfi sai kaɗan, kuma zafin da ke taruwa na iya cutar da jijiyar haƙori. Saboda haka ake sanya cikon da aka saba da shi hawa-hawa, kowane hawa bai wuce milimita 2 ba.

Gaskiya ne cewa akwai sabon nau'in da ake zubawa har milimita 4 a lokaci guda, saboda haske ya fi ratsa shi, kamar yadda gaskiya ne cewa ciko mai duhun launi na buƙatar ƙarin lokaci, kuma nisantar da bakin fitila daga haƙori, ko barin busasshen ciko ya manne a bakin fitilar, na rage ƙarfin hasken.

Tsoron da wasu majiyyata ke yi cewa fitilar irin hasken ɗaukar hoton ƙashi take fitarwa ba shi da tushe, domin shuɗin haske ne da ido ke gani, sai dai ƙura masa ido na da illa, wanda ya sa ake amfani da tabarau mai ruwan lemo.