Albarushi, hayaƙi da dalma: abubuwan mamaki daga Haɗejiya

Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah a Haɗejiya ya san lokacin da 'yan bindigar sarki ke sakin wuta: ƙasa ta amsa, dawaki su zabura, farin hayaƙi ya turnuƙe har mahayi ya ɓace wa ido. Hayaƙin nan ba banza yake fita ba. Idan baƙin albarushi ya ƙone, fiye da rabinsa ba ya zama iska. Wani ya fita a hayaƙi, wani ya manne a cikin bututun bindiga. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke biyo baya kuwa na farar wutar da ke cikinsa ne.

Abin da ya manne ɗin nan shi ne ciwon kan maharbi, domin yana zuƙar laima. A fadamar Haɗejiya, musamman da damina, bindigar toka da aka harba aka jingine a lungu ba a wanke ba, kafin a farga ta soma tsatsa daga ciki. Maganin kuma ruwa ne, shi ɗin da ke kawo tsatsar. Ruwan zafi ke narkar da dattin, sannan a tsane bututun sosai, a shafa mai.

Asalin albarushi ƙasar Sin ne, wajen ƙarni na 9, kuma masu neman maganin tsawon rai ne suka ci karo da shi. A yankinmu, Mai Idris Alooma na Borno ya riƙe dakaru masu bindiga tun ƙarni na 16, har da Turkawa masu koya musu harbi.

Albarushi marar hayaƙi sai a 1884 ya samu, a hannun wani Bafaranshe, Paul Vieille. Ya ninka tsohon ƙarfi kusan sau uku. Ingila ta biyo baya a 1889 da nata mai suna cordite, wanda ake yi zare-zare kamar taliya. A 1917, da yaƙi ya janyo ƙarancin sinadarin haɗa shi, har yaran makaranta aka sa tsintar 'ya'yan wata itaciya domin masana'anta.

Wannan sauyi bai tsaya a Turai ba. A watan Afrilun 1906 sojojin Ingila suka faɗa wa Haɗejiya da bindigogi masu aman wuta da kuma igwa. Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, ya tsaya da jama'arsa har aka kashe shi, shi ya sa ake ce masa Mai Shahada. Jarumtaka ba ta gaza ba. Tazarar makami ce ta yi yawa, domin mai bindigar toka sai ya tsaya ya ɗura ta baki bayan kowane harbi.

A ƙasashe irin Amurka, inda doka ta yarda mutum ya sake cika kwanson harsashinsa, masu wannan sha'awa suna ta muhawara kan albarushin da ya fi ƙonewa tas. Ƙaramar bindiga tana son mai saurin ci, doguwa tana son mai ci a hankali, kuma girman ƙwayar da siffarta na cikin abin da ke tsara saurin. A Najeriya batun daban ne: dokar makamai ta 1959 ta ɗaure mallakar harsashi da lasisi, kuma tun 1964 aka kafa masana'antar DICON a Kaduna domin ƙera wa hukuma.

Ga kuskuren da ya fi kowanne haɗari. Albarushin zamani ba na bindigar toka ba ne. Wanda ya farke harsashi ya zazzage abin cikinsa a bindigar maƙeri, yana neman ƙarfi ko ƙarancin hayaƙi, da hannunsa da idonsa yake caca, domin bututun na iya tarwatsewa.

Dattin da ya fi damuna kuwa ba ya hayaƙi ko kaɗan. Dalma ce. Ƙwayoyin dalmar harsashi da suka kuskure tsuntsu suna nutsewa cikin taɓo, agwagin ruwa su haɗiye su a matsayin tsakuwar niƙa abinci, guba ta ci su a hankali. Dausayin Haɗejiya da Nguru masaukin tsuntsaye ne da ke tasowa tun daga Turai lokacin sanyi, kuma a 2008 dausayin Baturiya ya shiga jerin Ramsar na muhimman dausayoyin duniya. Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma tun 1991, Tarayyar Turai ta hana amfani da ita a dausayi daga 2023. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani.

Maharban Haɗejiya, Kirikasamma da Guri, don Allah ku nisanci dausayi da dalma, ku kuma cire duk ƙwayar da ta maƙale a nama kafin ya shiga tukunyar iyali.