Baƙar Giyar Dablin Da Dawar Arewa

A Tambuwal da Kebbe, kamar sauran garuruwan ƙasar Sakkwato, yanzu da wuya a yi ɗaurin aure ko suna ba a jera wa manyan baƙi kwalaben baƙin abin shan nan mai zaƙi da a ke kira Malta ko Maltina ba. Mutane su kan tambayi malaman makaranta da akawuna ko akwai dangantaka tsakaninsa da baƙar giyar da a ke sha a Kudu. To, akwai, kuma ya kamata mu san iyakarta.

Asalin baƙar giya birnin Landan ne, wajen shekara ta 1720. 'Yan dako da ke sauke kaya a bakin kogi su ne su ka fi shanta, saboda haka a ka sa mata sunansu na Turanci, watau fota. A 1759 wani mutum mai suna Arthur Guinness ya karɓi hayar wani gidan dafa giya a Dablin, babban birnin ƙasar Ailan, bisa yarjejeniyar shekara 9,000, a kan fam 45 kowace shekara. Ya soma dafa fota a 1778, a 1799 kuwa ya bar dafa kowace iri sai ita. A 1801 ya shirya wata mai ƙarfi, wadda za ta jure tafiyar jirgin ruwa zuwa ƙasashe masu zafi. Ta iso Saliyo a 1827. A 1962 kamfanin ya gina masana'anta a Ikeja, kusa da Ikko, ita ce ta farko da ya gina a wajen Ailan da Ingila.

Ga yadda a ke yinta. A kan jiƙa sha'ir har ya yi tsiro, kamar yadda matanmu ke sa tsiro a kunun zaƙi, kana a shanya. Sai a gasa wani kashi har ya yi baƙi, shi ne ke ba ta launi da ɗan ƙauri irin na gahawa. A niƙa, a dafa, a tace, a zuba wani fure mai ɗaci. Daga nan a sa yisti a bar ta ta kwana da kwanaki, zaƙin ya rikiɗa ya zama barasa. Masu shanta su na yabon kumfarta da kaurinta, da ɗacin da ke daɗewa a harshe kamar na namijin goro. Amma fa wadda a ke yi a Nijeriya tana da ƙarfin kashi 7.5 cikin 100, ta Dablin ta yau da kullum kuwa 4.2.

A nan ne hanya ta rabu. Maltina, wadda ta fito a 1976, da Malta Guinness ta 1990, daga tsiron hatsi a ke yinsu, amma ba a barinsu su yi tsamin da ke haifar da maye. Launi ɗaya, tushe ɗaya, sai dai kama da wane ba ta wane. Giya haramun ce ga Musulmi, kuma doka ta hana sayar da ita a Jihar Sakkwato tun da a ka ƙaddamar da shari'a a shekara ta 2000, zamanin Gwamna Attahiru Bafarawa. Wanda ya yi shakka sai ya karanta takardar da ke jikin kwalba, ya kuma karanta wa wanda bai iya ba.

Sauran magana ta manomi ce. A 1988 Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, don a tsimi kuɗin ƙasashen waje. Kamfanoni su ka koma ga dawa, har da irin gajeriyar ƙaura da masana aikin gona na Samaru ta Zariya su ka inganta. Daga baya an ɗage hanin, amma dawa ta riga ta kama wuri. Da kaka dillalai su kan bi kasuwannin Arewa su na tara ta, su loda manyan motoci zuwa Kudu. Manomin Kebbe da ya sayar da buhu bai san inda zai ƙare ba, ko a tukunyar tuwo, ko a kwalbar Malta, ko a ta giya.

Wannan ciniki yana kawo kuɗi, yana kuma iya kwashe rumbu. Dawar da a ka sayar da arha a Disamba, ita ce a ke saye da tsada a Agusta, lokacin da yunwa ta fi matsa wa iyali. Muna roƙon malamai da akawuna, tun da su jama'a ke saurara, su riƙa tuna wa manoma su ware abincin shekara tukuna, kana su kai abin da ya saura kasuwa.