Hasken Da Ke Tona Asirin Jabun Magani

Duk macen da ta taɓa sayar da atamfa a kasuwar Dogon Dutsi ko ta Tibiri ta san aikin rana: turmi mai kyau ya riƙe launinsa, jabu kuwa ya koɗe kafin Salla ta zagayo. Haka ɗan kasuwa kan ɗaga takardar jika goma ya duba ta a haske kafin ya ba da canji. To, wannan dabarar ce masana suka mayar ilimi, sai dai su da hasken leza suke aiki, wani siririn haske mai launi ɗaya tak.

Idan aka haska ƙwayar magani da shi, wani ɗan kaɗan daga hasken yakan dawo da launinsa a sauye, kuma kowane sinadari da irin nasa sauyin, kamar zanen yatsa. Wani Ba'indiye, Raman, ya gano haka a 1928. Daga baya Ahmed Zewail, ɗan ƙasar Masar, ya yi amfani da walƙiyar leza mai gajartar da ta wuce misali, wato a raba daƙiƙa gida miliyan, a sake raba kowane gida biliyan, har ya ga yadda sinadari ke sauyawa daga lokacin da haske ya taɓa shi. Wannan ya ba shi kyautar Nobel a 1999.

Ina ruwanmu da wannan? A 1995, lokacin annobar sanƙarau, an yi wa mutum sama da 50,000 allurar rigakafi ta jabu a Nijar, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum 2,500 suka rasu. A 2017 hukumar ta ƙiyasta cewa magani ɗaya cikin goma a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko maras inganci. Mu da ke bakin iyaka, kaya na shigo mana ta kowace hanya.

A Najeriya, tun zamanin shugabancin Dakta Paul Orhii, hukumar NAFDAC ta soma aiki da TruScan, na'urar leza da ake riƙewa a hannu. Ko ba a ɓare leda ba, takan karanta ƙwaya ta gwada da ta asali, ta ce ta ci ko ta faɗi. Amma maganin da aka rage wa ƙarfi kawai yakan iya kuɓuce mata, sai an kai shi ɗakin bincike.

Ke da ba ki da na'ura, ki saya a farmasi, ki duba ranar ƙarewar aikinsa. Ki kuma tuna da atamfa: maganin da ya wuni a kan tire cikin rana, ko na gaske ne, zafi da haske na cinye ƙarfinsa. Araha dai ba ta ado.